Gwajin MRS na Ƙwaƙwalwa: Ya Cancanci Kuɗinsa, Amma da Sharaɗi

Gwajin MRS, wato auna sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, yana da tsada, amma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, musamman idan hoton MRI ya nuna wani dunƙule a ƙwaƙwalwa kuma likitoci suka kasa tantance ko ƙari ne ko wata cuta daban. Halin da yayana ya shiga ke nan, har aka tura mu wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta.

Na'urar MRI ɗin ce dai ake amfani da ita, mai ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5, kuma babu hasken da ke cutar da jiki irin na sitisikan. Maimakon hoto, zane ne mai hawa da sauka yake fitowa, wanda ke nuna yawan sinadaran da ke wurin da ake zargi. Likitan da ya karanta sakamakon ya zaunar da mu ya bi zanen da bakin biro. Ya ce idan sinadarin kolin (choline) ya yi sama sosai, sinadarin NAA na lafiyayyun ƙwayoyin jijiya kuma ya yi ƙasa, akan fi zargin ciwon daji, domin alama ce ta ƙwayoyi masu saurin hayayyafa. A zanen yayana kitse ne ya fi tashi, abin da ake yawan gani a dunƙulen da tarin fuka ke haifarwa a ƙwaƙwalwa, cutar da ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Bai ɓoye mana ba cewa gwajin ba ya yanke hukunci shi kaɗai, wani lokaci sai an yanko ɗan nama an auna, kuma wannan gaskiyar tasa ta kwantar mini da hankali.

Ma'aikatan sun bincika batun ƙarfe a jiki da kyau, sun kuma ba shi abin toshe kunne saboda ƙarar na'urar. Inda suka gaza shi ne ba su gargaɗe shi tun farko cewa ɗan motsi kaɗan yana lalata zanen ba, sai da aka maimaita wani sashe yana kwance cikin wahala. Sakamakon ma ya yi jinkiri fiye da alkawarinsu.

Duk wanda aka rubuta masa gwajin nan, ya tambaya kafin ya biya ko cibiyar tana da likitan da ya ƙware wajen karanta shi, domin ba kowace mai na'urar MRI ce take da irinsa ba.