Kwamfuta ta ƙi buɗewa: a sauya kalmar sirri ko a yi fomatin?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: laftof ɗinsa mai Windows 11 ta daina karɓar kalmar sirrinsa, mai gyara ya ce a yi fomatin kawai, shi kuma duk takardun aikinsa suna ciki. Wanne zai bi?

Malam, kada ka yarda a goge komai tukuna. Fara duba kibod. Danna alamar ido da ke gefen akwatin ka ga abin da kake rubutawa. Caps Lock na iya kasancewa a kunne. A wasu ƙananan laftof, Num Lock kan mayar da J, K, L su zama 1, 2, 3. Idan kuma tsarin ya koma na Faransanci, irin wanda aka saba da shi a Nijar, A da Q sun yi musayar wuri, lambobi ma sai an haɗa da Shift. Ana gyara wannan a kusurwar ƙasa ta dama. Kada ka yi ta cinke: sababbin Windows 11 kan rufe asusu na minti 10 bayan kuskure sau 10.

Sauya kalmar sirri ba ya taɓa fayil ko ɗaya, amma ya danganta da irin asusunka. Idan na Microsoft ne, wato wanda aka buɗe da imel, aikin bai fi na shan shayi ba. Shiga account.live.com/password/reset a wayarka, su turo lamba ta layinka ko imel na biyu, ka sa sabuwa. Sai ka jona laftof ɗin da intanet tun daga shafin shiga, in ba haka ba tsohuwar kalmar za ta ci gaba da nema. Inda ake yawan maƙalewa shi ne layin da aka yi rajista da shi ya ɓace. Gara ka je a dawo maka da layin, don sauya bayanan tsaro gaba ɗaya na jawo jiran kwana 30.

Idan asusun na cikin kwamfutar ne kawai, ka rubuta kalmar kuskure sau ɗaya, Reset password zai fito, ka amsa tambayoyi uku da ka zaɓa ranar da aka saita ta. Tun 2018 Windows 10 ta zo da wannan. Matsalar ita ce galibi yaron shago ne ya cike amsoshin da abin da ya zo masa baki.

Fomatin kuwa tabbas yana buɗe ƙofa, sai dai gidan babu kowa. A shafin shiga, riƙe Shift, danna Restart, sai Troubleshoot, Reset this PC, Remove everything. Fayiloli da manhajoji duk sun tafi. Zaɓin Keep my files ba zai fisshe ka ba, asusun da kalmarsa suna nan daram.

Kafin a kai nan, mai gyara nagari zai ta da kwamfutar daga filashi mai giga 8 ya kwashe maka fayilolin. Abu ɗaya ke hana hakan: BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifan kwamfuta. Idan an kulle faifan da shi, sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda yawanci yake aka.ms/myrecoverykey cikin asusunka na Microsoft. Babu mabuɗin, babu fayil, ko wa aka kai wa.

In kuwa tambayar kalmar sirrin na fitowa tun kafin tambarin Windows, to galibi ta BIOS ce, wato tsarin da ke ta da kwamfutar kafin Windows, abin da ake yawan gani a laftof na hannu da suka fito daga kamfanonin waje. Fomatin ba ya cire ta, cire ƙaramin batirin CR2032 na cikin kwamfutar ma ba lallai ya yi ba a irin su ThinkPad. Wannan sai ka ɗauki rasit ka koma wurin wanda ya sayar maka.