Almakashi da gam: sharhina kan ajin bitar kuromosom a Jos

Mako uku na yi ina zuwa wani ajin bita na yamma a wajen Farin Gada, saboda jarrabawar ilimin gadon halitta da ta tsaya mini a wuya. Ƙawata ce ta ja ni, na biya kuɗina ina gunaguni.

Ranar farko malamar ko allo ba ta taɓa ba. Takarda ta raba mana mai hoton kuromosom, zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki, a warwatse kamar an zubar da taliya, ta ce mu yanka, mu jera su biyu-biyu daga babba zuwa ƙarami, mu manna. Na ce a raina, yau kuma an mai da ni 'yar firamare. Sai da na zo lamba 21 na tarar da guda uku a hannuna, na yi ta laluben inda na kauce. Ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, ba ki yi kuskure ba, larurar Down ce a hannunki." Daga ranar 47,XX,+21, yadda ake rubuta larurar a taƙaice, ya daina zama hadda a wurina.

Haka ta bi da mu matakan haɗa karyotayif, wato irin wannan jeren hoton kuromosom. A raini fararen ƙwayoyin jini kamar kwana uku, a zuba sinadarin kolcisin ya tsayar da su a tsakiyar rabuwa, lokacin da kuromosom suka fi kauri, a kumbura su da ruwa mai ƙarancin gishiri, sannan a rina. Rinin kuwa Giemsa ne, wanda ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi a ɗakin gwaji, shi ke fito da ratsin da ake gane kowanne. Wai har zuwa 1956, kafin masu bincike Tjio da Levan su ƙirga kuromosom 46 a ɗan Adam, masana 48 suke rubutawa. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai game da nawa lissafin.

Inda ta fi burge ni shi ne sauyin tsarin kuromosom. Da carbi biyu masu launi daban ta nuna yadda yanki ke ɓallewa ya ɓace, ko ya maimaitu, ko ya juya kai ƙasa, ko ya yi musaya da na wani. Musayar 9 da 22 ita ce kuromosom ɗin Filadelfiya na wata kansar jini. Ta 8 da 14 kuma ta kansar Burkitt ce, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Wani ya tambaya ko ana ganin sikila a hoton. Ta ce ina, harafi ɗaya ne na rubutun gadon halitta ya canza a kan kuromosom na 11, madubin likita ba ya kai wa nan. Tambayar ta fito mana sak a jarrabawa.

Ɓangaren bayosensa, wato na'urar da ke gane sinadari ta hanyar abin halitta, ne aka cuce mu. Yamma ɗaya tak, aka ɗauke wuta, malamar ta karanto mana takarda da fitilar waya, fotokwafin ma duk ya dushe. Sunan Clark, masanin da ya fara kawo dabarar, da shekarar 1962 kawai na fita da su. A gida na gane abin, da na'urar awon sukarin Baba: sinadarin enzayim da ke kan tsinken da ake ɗiga wa jini shi ke gane sukari, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya mai da aikin lantarki, na'urar ta fito da lamba. Da malamar ta zo da irinta aji, minti goma ya isa.

Idan karyotayif ne damuwarki, ki je, kuɗinki ba zai tafi a banza ba. Ki ɗauki rigar sanyi, tagogin ba gilashi kuma kin san hunturun Jos. Ki kuma tafi da naki almakashin. Nasu dakusasshe ne, da shi na gutsire gajeren hannun kuromosom na 5, malama ta ɗaga takardata ta ce wa aji na haifi jariri mai kukan kyanwa, larurar da rashin wannan yankin ke jawowa.