Wasiƙa daga Amurka: Kwalayen Koyon Wasan Labari da Abin da Suke Ci

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in amsa tambayar da ka yi mini ranar da ka jiyo hayaniyar yara ta waya, wato wane irin wasa ne wannan, kuma ko kuɗin da ake kashewa a kansa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Na ga amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wasan kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke shiga cikinta. Mutum huɗu ko biyar suna zama a tebur, ɗaya ya zama jagora mai bayyana inda ake da abin da ke faruwa, sauran kuwa kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da wuya, kamar tsallake rami ko lallashin mai gadi, sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta raba gardama. Tun kafin ka tambaya, ba a sa kuɗi kuma babu wanda ke cin wani. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kuma yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast da Hasbro ya saya a 1999.

Inda tsadar take shi ne cikakken wasan yana cikin manyan littattafai uku, kowanne kusan dala 50 kuma kowanne ya haura shafi 300, kuma ba kowa ne zai zuba dala 150 a kan abin da bai taɓa gwadawa ba. Kamfanonin sun daɗe da sanin haka, domin tun 1977 aka fara sayar da ƙaramin kwali na masu koyo. A kan irin waɗannan kwalayen ne zan yi maka bayani, kasancewar huɗu daga cikinsu sun ratsa ta hannuna.

Na fara da kwalin Dungeons & Dragons da ya fito a 2014, wanda a lokacin farashinsa dala 20 ne ba sisi ɗaya. A cikinsa akwai ɗan littafin ƙa'idoji mai shafi 32, da littafin labari mai shafi 64, da jarumai biyar da aka riga aka tsara a takarda, da 'ya'yan lido shida, daga mai fuska 4 zuwa mai fuska 20. Ranar da na buɗe shi raina bai yi daɗi ba, domin rabin kwalin iska ce, babu taswirar da za a shimfiɗa, babu 'yan mutum-mutumin da za a motsa. Sai da muka fara na gane cewa darajarsa tana cikin labarin, wanda ke ɗaukar jarumi daga matakin ƙarfi na 1 zuwa na 5. Mun yi zama goma sha ɗaya kafin mu kai ƙarshensa, kowane zama kusan awa uku, mu biyar. Idan ka tuna cewa tikitin silima na mutum ɗaya a nan ya kan haura dala 10, za ka ga cewa da kuɗin kai yara biyu kallo na dare ɗaya muka sayi abin da ya riƙe mu kusan wata uku. Har yau ban sami abin nishaɗin da ya kai shi araha a ƙasar nan ba.

A 2019 kamfanin ya fitar da wani mai suna Essentials Kit a kan dala 25, wanda ya ƙara katuna, da taswira, da allon da jagora ke ɓoye takardunsa a baya, ya kuma koyar da yadda mutum zai ƙirƙiri jaruminsa da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya buga shi da mutum biyu kacal. Wanda ya biyo baya a 2022 ya koma dala 20, amma labarinsa ya tsaya a mataki na 3, wato farashi ɗaya da na 2014 amma tafiyar ta gajarta. Shi ban saya ba. Na 2025 kuwa ya tashi zuwa dala 50 saboda an cika shi da katuna da taswirori, kuma a ganina kwalin koyo da ya kai farashin cikakken littafi ya fara fita daga manufar da aka yi shi dominta.

Kamfanin Paizo, mai wasan Pathfinder, ya bi wata hanya dabam. Kwalinsa na masu koyo ya fito a 2020 a kan dala 40, ninki biyu na kwalin 2014 ke nan, sai dai yana da nauyi a hannu: babbar taswira mai fuska biyu, hotunan kwali masu tsayuwa sama da 100, da 'ya'yan lido masu launi dabam-dabam domin kada yaro ya rikice da wanda zai ɗauka. Labarinsa gajere ne, mun gama shi a zama uku, amma kowane ɗaki da aka shiga yana koyar da ƙa'ida guda, kamar yadda malamin kirki ke ƙara darasi a kan darasi. Idan aka auna da awoyin da aka ci, ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba. To amma akwai abin da farashin jikin kwali ba ya nunawa, wato ƙa'idojin Pathfinder gaba ɗayansu suna intanet kyauta da yardar kamfanin, saboda haka wanda ya gama kwalin yana iya ci gaba ba tare da ya sayi littafi ko ɗaya ba. Dungeons & Dragons ma yana da ƙa'idojin kyauta, sai dai ɗan yanki ne, kuma da zarar yaro ya ce yana son irin jarumin da abokinsa ke da shi, hanya ta miƙe zuwa littafin dala 50. Wannan ne ya sa na daina tambayar nawa ne kwali, na koma tambayar nawa zai jawo mini bayan ya ƙare.

Na huɗu shi ne na Call of Cthulhu daga kamfanin Chaosium, dala 25 a 2019. Wasan bincike ne da ban tsoro, ba na ƙananan yara ba. Yana farawa da labarin da mutum zai buga shi kaɗai ya koyi ƙa'ida kafin ya tara jama'a, dabarar da ta fi kowacce amfani ga wanda ba shi da mai koya masa.

Wurin saye ma yana da nasa lissafi. Farashin da ke jikin kaya a nan bai haɗa da harajin ciniki ba, sai a wurin biya ake ƙarawa, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Manyan kasuwannin intanet sukan karya farashi ƙasa da na kamfani, ƙananan shagunan wasa kuwa sukan tsaya a kan cikakkensa, amma suna da teburan da ake zama a buga, kuma ba a rasa wanda zai koya wa baƙo. Ɗakunan karatu na jama'a da yawa suna shirya irin wannan zama ga matasa kyauta. Sau ɗaya na nemi araha na sayi wanda aka yi amfani da shi, ya iso babu ɗan lido mai fuska 20, an kuma cika takardun jarumai da biro, abin da na rage ya tafi wurin cike giɓin.

Idan mai zuwa ya samu, zan aiko wa yaranka Essentials Kit, tunda ko su biyu ne za su iya farawa. Ka sa su riƙa rubutu da fensir, kuma a yi hoton takardun jarumai kafin a taɓa su.

Ƙaninka.