Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto a Jos: ku kiyayi mai sayar da "Lightroom na har abada"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana tallar manhajar gyaran hoto ta Lightroom a kan naira 25,000, wai biya ɗaya ka yi ta amfani har abada. Ni ya ci kuɗina. Don Allah duk wanda tallar ta iso wayarsa ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi.

Ina da ɗan shagon hoto a wajen Bauchi Road. Tsohuwar kwamfutata ta lalace ana saura kwana biyar wani biki a Anguwan Rogo, na sayi wata, babu manhajar gyara a kanta. A cikin wannan matsin na ga tallar. Na yi masa magana, ya amsa da ladabi: "Oga, wannan ta intanet ce, duk abin da ta kwamfuta ke yi ita ma tana yi, har ta fi." Na tura kuɗi, ya turo mini imel da kalmar sirri, ya kuma gindaya sharaɗi ɗaya: kada in saukar da komai a kwamfuta, in riƙa buɗewa ta Chrome kawai. Da na tambaye shi dalili sai ya ce don kada ta yi wa na'urar nauyi.

A kan wannan sharaɗin damfarar take. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mai da manyan manhajojinsa tsarin biyan kuɗi na wata ko na shekara. Lightroom 6, wadda ta fito a 2015, ita ce ta ƙarshe da aka sayar biya ɗaya. A 2017 aka raba ta gida biyu: Lightroom Classic, mai ajiye hotuna a kwamfutarka, da sabuwar Lightroom mai ajiye su a rumbun intanet. Saboda haka babu wata sabuwar Lightroom ta har abada da wani zai sayar maka. Abin da mutumin ke yi shi ne, asusu ɗaya yake rabawa mutane da yawa. Asusu ɗaya kuwa kwamfuta biyu kawai aka yarda a kunna manhajar a kansu, shi ya sa yake tura kowa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, don kada asirinsa ya tonu.

Gyaran kansa bai ba ni matsala ba, gaskiya. Haske, launi, yanke gefe, duk sun tafi daidai, sai dai datar da na ƙona kafin hotunan RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kamara ke ɗauka, kusan 600 su hau, kowanne ya haura megabait 20. Kwana uku ina aiki. Wajen fitar da hotunan ne na gane kallon kitse na yi wa rogo.

Duk wanda ya saba da Classic ya san abin da ke cikin tagar fitar da hoto. Kai za ka zaɓi nau'in fayil, JPEG ko TIFF ko PSD ko DNG. Kai za ka sa inganci daga 0 zuwa 100, ko ka ce kada fayil ya wuce kilobait kaza, wanda ke da amfani ƙwarai idan ɗalibi ya zo neman fasfo na cike fom a intanet. Za ka zaɓi tsarin launi, sRGB ko Adobe RGB, gwargwadon abin da injin mai wankin hoto yake so. Za ka ƙara wa hoto kaifi daidai da takardar da za a buga, mai sheƙi ko marar sheƙi. Za ka sa tambarin shagonka, ka sake wa hotuna 600 suna a jere da sunan amarya, ka adana wannan saitin don bikin gaba. A burauzar da ya ba ni, zaɓin da na tarar bai taka kara ya karya ba. Na nemi yawancin waɗannan na rasa.

Yaron shagona ne ya sauke kashin farko, ya danna ƙaramin girma don data ta isa. Ban duba ba, laifina ne wannan. Hotunan suka sauko da fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2048 a dogon gefe, alhali kamarar tawa 6000 da 4000 take ɗauka. A waya ba za ka ga bambanci ba. Amma ku yi lissafi: wankin hoto mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci, ke nan 2048 bai kai inci bakwai ba. Firem mai inci 12 da 18 da uwar amarya ta ce a yi mata yana buƙatar 3600 da 5400. Da aka wanko shi, zanen lallen hannun amarya ya caɓe, aikin leshin ya zama dishi-dishi. Hajiya ta juya shi a hannu ta ce, "Ɗana, wannan ai ba aikinka ba ne." Har yau maganar tana cina.

Na koma in sake saukewa da cikakken girma, sai kalmar sirri ta ƙi shiga. Na kira mai tallar, ya ce asusun ya cika, in ƙara 10,000 ya buɗe mini wuri. Na ce ba haka muka yi ba. Kafin la'asar ya toshe lambata.

Allah ya taimake ni ban goge katin kamara ba, aikin kwana uku kawai na yi asara. Wani abokin sana'a a Bukuru da ya saya a hannunsa ya riga ya goge nasa katin, don an gaya masa komai yana ajiye a intanet. Yanzu hotunan sunan jaririn mutane suna cikin asusun da ba shi da mabuɗinsa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin damuna. Tun ranar farko na ga hotunan da ba nawa ba a cikin asusun, na ɗauka na gwaji ne. Ashe na sauran waɗanda ya sayar wa ne. Yadda nake ganin nasu, haka suke ganin nawa: hotunan kamu, na wurin lalle, mata zalla a cikin gida ba mayafi, waɗanda aka bar ni na shiga na ɗauka saboda amana. Sai da na je na faɗa wa mahaifin amarya da bakina, don bai dace ya ji a wani wuri ba.

Ba ina kushe manhajar intanet ba ne. Tana da amfaninta, musamman ga mai aiki tsakanin waya da kwamfuta, kuma wadda ake saukarwa a kwamfuta ta fi ta burauza zaɓi wajen fitar da hoto. Amma in wankin manyan hotuna da albam ne abincinka, Classic kake buƙata, a asusun da aka buɗe da imel ɗinka, kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa. In kuɗin bai samu ba, akwai darktable da RawTherapee, kyauta ne, suna buɗe RAW, suna fitar da TIFF da cikakken girma. Da darktable na sake gyara hotunan bikin nan.

Kafin ka biya kowa, ka ce ya bari ka fitar da hoto ɗaya, ka duba fiksel ɗinsa, ka kuma tambaye shi da imel ɗin wa aka buɗe asusun. Wanda ya riga ya saya, ya sauke hotunansa na asali yau ɗin nan, ya goge su daga asusun har da kwandon shara na ciki, ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu, ya kai wa bankinsa rahoto. Mu huɗu ne muka gano junanmu zuwa yanzu, muna haɗa shaidunmu don kai ƙorafi EFCC. Duk wanda abin ya shafa ya yi magana a zauren masu hoto kafin Juma'a mu sa sunansa.