Kwaɗo a wasa: lamba ɗaya ta D&D ko matakan Pathfinder

Ɗan uwa, tunda tsakanin tsarin D&D da na Pathfinder, wasannin nan na ba da labari da jefa dais inda kowa ke taka rawar wani a cikin labarin, kake ruwan ido kan dokar buɗe kwaɗo, ni dai ɗauki na D&D ka ɗora naka a kai.

A D&D 5e, wato bugu na biyar na 2014, abin a sauƙaƙe yake, kwaɗo ɗaya lamba ɗaya da sai ka kai ta kafin ya buɗe, 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, kuma kwaɗon da ake saye a wasan 15 ne. Mai taka rawar ɓarawo da ke da +5, wato ana ƙara 5 kan abin da ya jefa, sai ya jefa dais mai fuska 20 ya samu 10 ko sama, wato kashi 55 cikin ɗari kenan, in ka kai lambar 20 ya koma kashi 30. Abin da na ƙara a zaurenmu na Yelwa shi ne in ka gaza da ƙasa da 5, ƙofa ta buɗe amma ka yi ƙara, in ka gaza da 5 ko fiye wayar ƙarfen da kake sakawa a kwaɗon ta karye a ciki, sai dai ku nemi taga ko ku fasa.

Wata Asabar bayan isha'i an ɗauke wuta muna haska tabarma da tocilan waya, ƙanina ne ɓarawo, kwaɗon rumbun wani attajiri 15, jimillarsa ta tsaya 14. Na ce ya buɗe, amma sakata ta faɗi ƙasa kare ya fara haushi. Wallahi duk sai suka miƙe tsaye kowa na faɗin abin da zai yi, ɗaya har ya zubar da shayinsa, har yau in mun haɗu sai an tayar da zancen karen nan. Da na ce "bai buɗe ba, sake jefawa" da ba wanda zai tuna.

Pathfinder 2e, bugu na biyu na 2019, kuwa sai ka ci jifa sau da yawa kafin kwaɗo ya buɗe, kwaɗo mafi arha sau 2 a lamba 15, matsakaici sau 4 a 25. Yana da tsari, ban musa ba, amma mutum ɗaya na ta jifa sauran huɗu sun koma WhatsApp.

Sai ka kula da masu sayarwa don Allah. Na taɓa ba wani kuɗi ya kawo min littafin wasan "orijina", ashe fotokwafi ne aka ɗaure, shafukan kayan aiki ma babu. Dokokin farko na D&D kyauta suke a intanet, na Pathfinder ma suna shafin intanet na Archives of Nethys, kar kowa ya karɓi ko sisinka kan PDF. Dais kuma ka sa shi a kofin ruwa mai gishiri sosai har ya taso, ka riƙa juya shi da yatsa, in lamba ɗaya ke ta fitowa sama bai daidaita ba, mayar wa mai sayarwa da abinsa.

Fara da 10, 15, 20, ajiye 25 don baitulmalin sarki kawai.