Jeep da Chrysler a hannun baƙi: riƙon Jamusawa da riƙon Italiyawa

Malam, ka tambaya ko har yanzu Jeep motar Amurka ce, tun da ka ji an ce mutanen Turai ne masu ita, kuma a cikin waɗanda suka riƙe ta wa ya fi yi mata alheri.

Maganar da ka ji gaskiya ce. Jeep, Dodge, Ram da Chrysler duk suna ƙarƙashin Stellantis, wanda aka kafa a Janairun 2021 da haɗewar Fiat Chrysler da kamfanin PSA na Faransa, mai Peugeot, kuma hedkwatarsa na ƙasar Holan. Mafi girman hannun jari na iyalan Agnelli ne na Italiya. Wato Jeep da Peugeot, Fijon nan da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, yanzu 'yan gida ɗaya ne. Amma Jeep Wrangler har gobe a garin Toledo na jihar Ohio ake ƙera ta, inda kamfanin Willys ya fara yi wa sojoji jif a 1941. Kuma baƙi ba yau suka fara shiga gidan ba, don Renault na Faransa ya riƙe kaso mai tsoka na kamfanin American Motors (AMC), mai Jeep a lokacin, kafin Chrysler ya saye AMC a 1987.

To bari mu jera riƙon biyu.

Daimler-Benz, masu Marsandi, sun zo a 1998 lokacin Chrysler na cikin ƙoshin lafiya, yana cin riba sosai. Cinikin ya kai kusan dala biliyan 36, aka kira shi auren tsara da tsara. Ba a yi shekara uku ba shugaban Daimler, Jürgen Schrempp, ya faɗa wa jaridar Financial Times cewa dama can nufinsa Chrysler ya zama reshe kawai. Manyan ma'aikatan Amurka suka yi ta ajiye aiki, a 2001 aka sanar da rage ma'aikata 26,000, aka kuma binne sunan Plymouth, ɗaya daga cikin sunayen motocin Chrysler. Abin kirkin da zan iya nunawa daga wannan zamani shi ne Chrysler 300, wadda ta ari wasu kayan ƙarƙashi daga Marsandi. A 2007 Jamusawa suka sallamar da kashi 80.1 cikin ɗari ga kamfanin zuba jari na Cerberus a kan dala biliyan 7.4. Ka auna da kuɗin saye.

Fiat na Italiya kuwa gawa ya tarar. A 2009 Chrysler ya durƙushe, gwamnatocin Amurka da Kanada suka tallafe shi da bashi, Fiat ya karɓi kashi 20 cikin ɗari ba tare da ya biya ko sisi ba, sai alƙawarin kawo fasahar injina da ƙananan motoci. Sergio Marchionne, shugaban Fiat na lokacin, ya gane abin da Jamusawa ba su ba muhimmanci ba: arzikin gidan yana jikin Jeep da motocin a-kori-kura. Ya ware Ram daga Dodge ta tsaya da ƙafarta, ya biya bashin gwamnati a 2011, ya kammala sayen kamfanin a farkon 2014. A wannan shekarar Jeep ta sayar da motoci sama da miliyan ɗaya a duniya, karo na farko a tarihinta. Har a Melfi ta Italiya aka riƙa ƙera ƙaramar Renegade, abin da bai yi wa wasu Amurkawa daɗi ba.

A ganina Italiyawa sun fi, nesa ba kusa ba, in dai Jeep ake magana. Ba don sun fi tausayi ba. Fiat ne ke buƙatar ribar Amurka don ya rayu, shi ya sa ya kula da saniyar da yake tatsa. Daimler yana da Marsandi, bai taɓa jin wannan yunwar ba.

Sai dai in sunan Chrysler kansa kake tambaya, labarin ya sha bamban. An daina ƙera Chrysler 200 a ƙarshen 2016, aka rufe babin 300 a 2023, abin da ya rage wa sunan sai motocin ɗaukar iyali irin su Pacifica, waɗanda ma a Windsor ta Kanada ake ƙera su.