Firiji na ƙas-ƙas ba ya tashi: me ya kamata ka fara saya?

Kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin sanyi a bayan firiji, ta yi ɗan gurnani, sai ka ji ƙas, ta yi tsit, bayan minti biyu ko uku ta sake. Fitilar ciki na ci, amma ruwan da aka sa tun safe yana nan da ɗuminsa. Nan ne wasu masu gyara ke saurin cewa, "Alhaji, ai kwamfuresa ce ta mutu." Ita ce kuwa ta fi komai tsada a jikin firiji, kuma sau da yawa lafiyarta lau.

Wannan ƙas ɗin obalod ne ke yinsa, wato ɗan makunnin kariya da ke jikin kwamfuresa. Aikinsa ya yanke wuta idan kwamfuresa ta ja fiye da kima ba ta juya ba. Abin tambaya shi ne me ya hana ta juyawa.

Fara da rila, 'yar na'urar da ke tayar da kwamfuresa, don ita ce mai araha. Zare filogi tukuna, ka buɗe baƙin murfin da ke gefen kwamfuresa, ka ciro rilar ka girgiza kusa da kunne. In ka ji kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, ko ƙauri na tashi, ɗan faifan da ke ciki ya farfashe. Ka tafi da ita kasuwa a ba ka mai yawan ƙafafu da lamba iri ɗaya, ka haɗa da sabon obalod. Kapasita kuwa, mai tara wuta don taimaka wa kwamfuresa, ba kowane firiji ke da ita ba; in akwai, lambar da ke jikinta ake bi.

Za a yi maka tallan wadda ta haɗa rila da obalod da kapasita a kwanso guda. Tana tayar da tsohuwar kwamfuresa, amma da ƙarfin tsiya, ni dai ba na sa ta a firijin da nake so ya daɗe. Mai firijin inbata ma ya manta da duk wannan, nasa ba shi da rila, allon wuta ne ke tayar da shi.

Inda na fi son a tsaya shi ne wuta. An ƙera firijinmu don bolt 220 zuwa 240, amma da magariba a unguwanni da yawa ko fanka da ƙyar take juyawa. Kwamfuresa kuma a lokacin tashi tana jan ninkin-ba-ninkin abin da take ci in ta daidaita, shi ya sa ƙaramin janareto ke shaƙewa. Ga kuma ɗauke-kawo: in an maido wuta nan take, matsin gas bai sauka ba, sai ta kasa juyawa, tana bukatar hutun kamar minti biyar.

To, don kare firiji daga matsalar wuta, gad za ka saya ko sitabilaiza? Gad ba ya ƙara wuta, yanke ta kawai yake yi in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya kuma jinkirta kunnawa. In wutarku na da ƙarfi, ɗauke-kawo ne matsalar, ya ishe ka. In lokaran ne abincinku kullum, gad zai bar firiji a kashe har asuba, nama ya lalace. Sitabilaiza za ka nema, mai maɓallin jinkiri. Duba kwali ka ga daga bolt nawa take iya ɗagowa, kuma kada ka yi rowa wajen girmanta.

Sai duk wannan ya gaza a zo kan kwamfuresa. Mai gyara ya auna ƙusoshinta uku da mita a gabanka: awo biyu ƙanana in an haɗa su ba da babban, kuma kada ko ɗaya ya nuna haɗuwa da jikin ƙarfen. Sabuwa ta fi kwanciyar hankali. Ta hannu sa'a ce, a kunna ta, ka toshe bututun fita da babban yatsa ka ji ko tana turawa da ƙarfi. Ka tabbata ta gas ɗin firijinka ce, R134a ko R600a, yana rubuce a takardar da ke manne a jiki. Na biyun yana kama wuta, don haka walda da ɗurin gas a bar wa mai sana'a, kuma ya canza diraya, wato matatar gas, tare da kwamfuresar.